Gyaran Takardun Soja a Amurka Bayan Hukuncin Kotun Soja

Da yawa daga cikin koke-koken da tsofaffin sojojin Amurka ke aikawa domin a gyara musu takardun aiki, bayan kotun soja ta same su da laifi, tun a shafin farko suke faɗuwa, kuma abu guda ne ke kayar da su. Mai koke yakan zauna ya cika shafi goma yana sake shari'ar da aka gama tun tuni: wane ya yi masa ƙazafi, lauyan da aka ba shi bai tsinana komai ba, kwamanda ya tsane shi tun ranar da ya shigo bariki. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Amma ya kai ɗinki wurin maƙeri, domin hukumar da yake rubuta wa ba ta da hurumin soke hukuncin da yake kuka da shi. Maganar ta shafe mu, saboda akwai 'yan Najeriya da Nijar da Gana da suka sa kakin Amurka, wasu da katin zama na dindindin, wasu ta shirin MAVNI da ya fara ɗaukar mutane a 2009, wanda Hausa tana cikin harsunan da ya nema. Idan irin wannan hukunci ya faɗa wa ɗayansu, ba asibiti da alawus na tsofaffin sojoji kaɗai zai iya rasawa ba, har zamansa a ƙasar yana iya girgiza.

Tushen maganar yana sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka. A 1946 Majalisar Dokoki ta ba kowace runduna damar kafa hukumar farar hula da za ta gyara kuskure ko ta kawar da zalunci daga bayanan soja, don ita Majalisar ta huta da ƙudurin mutum ɗai-ɗai da ake kawo mata. Ikon waɗannan hukumomi yana da faɗi, suna iya canza muƙami da ranar sallama da dalilinta, har su sa a biya albashin da aka hana. Sai dai a 1983 an yi musu shinge a kan abin da ya shafi kotun soja, aka bar musu abu biyu kacal. Ko dai su daidaita takarda da abin da masu bitar shari'ar suka riga suka yanke, ko su yi sassauci a kan horon da aka ɗora. Samun mutum da laifi kuwa yana nan daram. Saboda haka maganar wannan jagora ɗaya ce: ka roƙi abin da hukumar ke iya bayarwa, wato sassauci, kuma ka ɗora roƙon a kan hujjar da ake iya gani a takarda.

Abin da za ka tanada

- Takardar sallama, DD 214, ta kowane zangon aiki da ka yi, ba ta ƙarshe kaɗai ba.
- Cikakken fayil ɗinka na aiki. Ana neman sa da fom SF 180, kuma babban ma'ajin fayilolin tsofaffin sojoji yana birnin St. Louis.
- Kundin shari'ar, daga ofishin shari'a na rundunarka ko magatakardan kotun ɗaukaka ƙararta.
- Takardun asibiti, na lokacin aiki da na bayansa.
- Rahoton FBI na tarihin laifukanka, wanda ake nema da zanen yatsu.
- Shaidar rayuwarka tun bayan sallama: takardun aiki da haraji da karatu, da wasiƙun waɗanda suka san ka.
- Fom DD 149, ko DD 293 idan lamarinka na ɗaya hukumar ne, kamar yadda zai zo. Ba a biyan ko sisi wajen shigar da koke.

1. Tantance kotun da ta yi maka shari'a da irin sallamar da aka ba ka

Kotunan soja iri uku ne, kuma duk abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan wannan. Ƙaramar kotu ta ƙananan sojoji ce, ɗaurinta ba ya wuce kwana 30, ba ta korar mutum daga aiki, kuma doka ba ta ɗaukar hukuncinta a matsayin na kotun laifi. Kotu ta musamman tana iya ɗaure mutum har shekara guda, ta kuma ba shi sallamar rashin ɗa'a, wadda sojoji ke taƙaitawa da BCD. Babbar kotu ita kaɗai ke yanke sallamar ƙasƙanci ga soja ko kora ga hafsa, kuma ita ma tana iya bayar da BCD. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ga BCD a takardarsa ya zaci duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. BCD ta babbar kotu tana toshe haƙƙoƙin Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, da ƙarfin doka, in ban da an tabbatar mutum yana da taɓin hankali lokacin laifin. BCD ta kotu ta musamman kuwa VA tana da damar ta duba yanayin aikin da kanta, ta yanke cewa ka cancanta, ko da ba a canza ko harafi a takardarka ba. Haka nan wanda ya kammala zangon farko lafiya, ya sabunta, sannan ya shiga matsala, yana iya samun haƙƙi a kan zangon farkon. Dalilin neman kowace DD 214 ke nan.

2. Idan laifin kake ƙaryatawa, duba ko kotu na nan a buɗe

Wanda ke son a soke hukuncin kansa hanyarsa ita ce kotun ɗaukaka ƙara ta rundunarsa, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Rundunonin Soja da ke Washington, daga nan Kotun Ƙoli. A yanzu hukuncin da ya ƙunshi kisa, ko korar horo, ko ɗaurin shekara 2 zuwa sama, ana yi masa bita kai tsaye, kuma in ban da na kisa, mai laifin yana iya yafe bitar. Akwai kuma sashe na 73 na dokar shari'ar soja, wanda ya ba da shekara 3 daga shigar da hukunci don neman sabuwar shari'a idan an gano sabuwar hujja ko an yaudari kotu. Wannan mataki na lauya ne, kuma a gaggauce, domin zaman jiran hukumar gyara ba ya tsayar da lissafin wa'adin kotu.

3. Zaɓi hukumar da ta dace, ka kula da wa'adinta

Hukumomi biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Hukumar bitar sallama, wadda ake nema da DD 293, tana karɓar koke cikin shekara 15 daga ranar sallama, ba ta ƙara ko kwana guda, kuma ba ta da iko a kan sallamar da babbar kotu ta yanke. Alfanunta shi ne tana ba ka damar bayyana a gabanta ka yi magana da bakinka. Idan BCD ɗinka ta kotu ta musamman ce kuma shekara 15 ba su cika ba, a nan za ka fara, in ka tsallake ta mai yiwuwa a maido maka da takardunka. Hukumar gyara bayanai, wadda ake nema da DD 149, ita ce ta sauran duka: ABCMR ga sojan ƙasa, BCNR ga sojan ruwa da na kundumbala, sojan sama da masu gadin gaɓar teku su ma kowa da tasa. Wa'adinta shekara 3 ne daga ranar da ka gano kuskuren ko zaluncin, amma tana da ikon kau da kai daga jinkiri idan adalci ya buƙaci haka. Kada shekara 3 ɗin nan su karya maka gwiwa. A maganar sassauci ma tsawon lokaci na gefenka yake, domin wanda ya fito daga kurkukun soja bara ba shi da abin nunawa tukuna. Abin da ba a so shi ne ka bar gurbin bayanin jinkiri babu komai. Rubuta dalili, ko da jimla uku ne. Idan sojan ya rasu, matarsa ko magajinsa na iya shigar da koken, da takardar mutuwa da shaidar dangantaka.

4. Karanta kundin shari'arka kafin ka rubuta komai

Hukumar tana farawa ne da zaton cewa duk abin da gwamnati ta rubuta daidai ne, kai ne za ka kawo abin da zai rinjayi wannan zato. Ita ba ta bincike, ba ta kiran shaidu, kuma da wuya ta gayyaci mai koke, a kan takarda take yanke kusan komai. Fayil ɗinka zai kasance a gaban mambobinta. In ka rubuta cewa sau ɗaya ka taɓa barin aiki ba izini, fayil kuma ya nuna sau uku, an gama da kai, sauran bayaninka ko gaskiya ne ba wanda zai yarda. Karatun yana da wani amfani kuma: a nan ake tsintar kuskuren da hukumar ke gyarawa ba gardama, kamar inda kotun ɗaukaka ƙara ta soke wata tuhuma amma har yanzu tana fayil, ko an rage horo amma DD 214 ba ta nuna ba, ko an manta da lambar yabo da kwanakin da aka yi a fagen daga.

5. Rubuta bayaninka

Nan ne koke ke tashi ko ya faɗi. A ranar 25 ga Yuli, 2018, Robert Wilkie, wanda a lokacin yake ƙaramin sakatare mai kula da ma'aikata a Ma'aikatar Tsaro, ya fitar da takardar umarni ga hukumomin a kan yadda za su auna sassauci. Abubuwan da ta ce a duba sun haɗa da girman laifin, da tsawon lokacin da ya wuce, da ƙuruciyar mutum sa'ad da ya aikata, da faɗin gaskiyarsa, da karɓar alhaki da nadama, da tarihin aikinsa bayan sallama, da shaidar mutane a kansa. Ta kuma nuna cewa laifin da babu zubar da jini ko cin zarafi a cikinsa ya fi kusa da samun sassauci. Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye takarda a ƙarƙashin kowanne. Shafi biyu ko uku sun isa: abin da ya faru a taƙaice, halin da kake ciki a lokacin, abin da ka yi da rayuwarka tun daga nan, da abin da wannan sallama ke hana ka a yau.

Wasiƙun shaida su ne inda mutanenmu suka fi yin asara, saboda ladabi yana sa mai rubutu ya tsaya a kan yabo. Wasiƙar da ta ce wane mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, ɗan gidan mutunci, ba ta da nauyi, domin mai karatu zai ɗauka marubucin bai san da hukuncin ba. Wadda ke aiki ita ce irin ta maigidan da zai rubuta cewa wannan mutum ya faɗa mini da bakinsa ranar da na ɗauke shi cewa kotun soja ta taɓa kama shi da sata, yau shekara bakwai makullin sito yana hannunsa, ba a taɓa neman ko kwali ɗaya an rasa ba. Limamin masallacinku ma haka, ya faɗi aikin da kake yi wa jama'a da ranakunsa, ya sa hannu da adireshi da lambar waya. Wasiƙa huɗu irin wannan sun fi ashirin na yabo. Abin da aka rubuta da Hausa ko Faransanci a haɗa shi da fassarar Turanci mai sa hannun mai fassara.

Mai karatu zai ce, to wanda bai aikata ba fa, sai ya yi nadamar ƙarya? A'a, kada ya yi. Ƙarya a wannan fom laifi ce da kanta, kuma mutum ba ya sayen takarda da mutuncinsa. Gaskiyar magana ita ce hanyarsa ta fi wuya, tunda nadama tana cikin abin da ake aunawa, amma ba a rufe take ba. Yana iya faɗa a layi biyu cewa yana nan a kan maganarsa ta kotu, kuma ya san hukumar ba wurin sake shari'a ba ce, sannan ya koma kan horon: ya yi tsanani idan aka gwada shi da laifin, ko da abin da aka yanke wa waɗanda aka tuhume su tare, ko da shekarun da ya yi yana aiki lafiya. Tarihin Henry Flipper ya nuna wannan rabe-rabe ƙarara. Shi ne baƙar fata na farko da ya kammala makarantar hafsoshi ta West Point, a 1877. An gurfanar da shi a Fort Davis ta jihar Texas, aka wanke shi daga zargin cin kuɗi amma aka same shi da halin da bai dace da hafsa ba, aka kore shi a 1882. Ya rasu a 1940 bai daina neman a wanke sunansa ba. A 1976 hukumar gyara ta sojan ƙasa ta ce horon ya yi tsanani, ta ba shi sallamar girmamawa, amma ba ta soke hukuncin ba. Afuwa sai a 1999 ta zo, daga Shugaba Bill Clinton.

Wani kuma zai kawo labarin Houston, inda a Nuwamban 2023 rundunar sojan ƙasa ta soke hukuncin sojoji baƙaƙe 110 da aka yi wa shari'a bayan tarzomar 1917, aka rataye 19 daga cikinsu, kuma hukumar gyara ce ta ba da shawarar sokewar. Gaskiya ne an yi, amma shari'o'in nan a ƙarƙashin tsohuwar dokar yaƙi aka yi su. Shingen 1983 ya hau kan shari'ar da aka yi da dokar shari'ar soja ta yanzu, wadda ta fara aiki a 1951, kuma duk mai karanta wannan da ransa kusan a ƙarƙashinta aka hukunta shi. Wanda ya kafa hujja da Houston ya nuna wa hukumar cewa bai san iyakarta ba.

6. Idan akwai larurar ƙwaƙwalwa, haɗa ta da laifin

Tun daga umarnin Sakataren Tsaro Chuck Hagel na Satumban 2014, da wani umarni na Agustan 2017 da ya faɗaɗa shi, an umarci hukumomin su duba koke da sauƙin kai idan akwai ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wato PTSD, ko rauni a ƙwaƙwalwa, ko cin zarafi ta hanyar lalata a lokacin aiki. Tambayoyi huɗu ake yi: akwai larurar, ta faru a lokacin aiki, tana bayyana laifin ko tana rage nauyinsa, kuma ta rinjayi sallamar da aka yi? Mutane sukan kawo takardar likita da ke amsa ta farko su tsaya nan, alhali ta uku ce mai wuya. Likita ya rubuta a fili yadda larurar ta kai ga abin da aka yi. Sojan da ya dawo daga Iraƙi ba ya barci, ya faɗa shaye-shaye, ya daina zuwa fareti, alaƙar a bayyane take. Wanda ya yi wata shida yana shirya takardun bogi yana karkatar da kuɗi, da wuya a karɓi wannan uzuri, domin umarnin kansa ya ce laifin da aka kitsa da gangan ba kasafai larura ke wanke shi ba. Kunyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, wadda ta yi mana katutu, tana jawo asarar hujja mafi ƙarfi da mutum yake da ita.

7. Cika fom ɗin, ka faɗi ainihin abin da kake so

Kada ka rubuta cewa a yi maka adalci. Rubuta cewa kana roƙon a mayar da BCD zuwa sallamar girmamawa a kan sassauci, in hakan bai samu ba a mayar da ita sallama ta gama-gari, a kuma canza dalilin sallama da lambobin da ke tare da shi a DD 214. Roƙo na biyun yana da muhimmanci, don yana ba hukumar matsakaiciyar hanya. Bambancin ba ƙarami ba ne: sallamar gama-gari daga hukumar gyara tana ɗage toshiyar VA, ta buɗe asibiti da diyyar rauni, amma kuɗin karatu na GI Bill sai da cikakkiyar sallamar girmamawa. Wannan ita ce amsa ga mai cewa mene ne amfanin sassauci tunda hukunci na nan. Sa wa kowace takarda lamba, ka aika kwafi, ka riƙe na asali. Hukumomin suna wallafa hukunce-hukuncensu a intanet bayan an goge sunaye, karanta goma masu kama da naka ya fi kowace shawara. Idan an nemi ra'ayin likita ko lauyan runduna a kan kokenka, za a aiko maka da kwafi, yawanci da kwana 30 na amsa, kuma shiru a nan kamar amincewa ne. Doka ta ɗora wa hukumar gyara gama kashi 90 cikin 100 na koke-koke cikin wata 10, sauran cikin wata 18, don haka in ka ƙaura ka sanar da sabon adireshi. Taimako kyauta yana samuwa a ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da DAV, da sassan taimakon shari'a na wasu jami'o'i.

8. Bayan amsa ta zo

Idan an ƙi, karanta dalilan da kyau, domin sau da yawa suna faɗin abin da ya rage. Ana sake dubawa idan ka kawo hujjar da ba ta gabansu a da, maimaita tsohon bayani da babbar murya ba ya cikin wannan. Kotun tarayya tana karɓar ƙara cikin shekara 6, amma abin da take dubawa shi ne ko hukumar ta yi son rai ko ta saɓa doka, ba ta sake auna sassaucin da kanta. Mai neman albashin da aka hana shi ya lura sosai, shekara 6 ɗinsa daga ranar sallama ake ƙirga su, kuma zuwa hukumar gyara ba ya tsayar da su. Afuwar shugaban ƙasa hanya ce dabam: ana jira shekara 5 bayan fitowa daga ɗauri, kuma takardar wanda kotun soja ta hukunta tana bi ta ofishin sakataren rundunarsa. Ko an samu afuwar, ba ta canza DD 214 da kanta, sai an koma da ita gaban hukumar gyara a matsayin sabuwar hujja.

Idan kuma an amince, kada ka ɗauka sunanka ya fita daga kundin FBI. Hukuncin yana nan, kuma inda fom ɗin neman aiki ya tambaya ko an taɓa samun ka da laifi, amsar ba ta canza ba. Ga wanda ba haifaffen Amurka ba ne, wannan ya fi komai nauyi. Hukumomin shige da fice suna ɗaukar hukuncin babbar kotun soja kamar na kowace kotun laifi, kuma wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja ana iya ƙwace masa idan aka sallame shi ba da mutunci ba kafin ya cika shekara 5 na aiki mai kyau. Duk abin da ka amsa a bayanin nadamarka yana zama a fayil ɗin gwamnati da sa hannunka. Kafin ka aika shi, ka kai wa lauyan shige da fice ya karanta, kuma kada ka yi tafiya zuwa gida ganin dangi sai ya tabbatar maka za a bar ka ka dawo.